Kusufin rana na 12 ga Yunin 2029: Yadda ake lissafa shi da kakar da zai faɗo cikinta

Ranar Talata 12 ga Yunin 2029, da misalin ƙarfe 5:05 na asuba agogon Najeriya da Nijar, wata zai gitta tsakanin duniya da rana, ya rufe kusan rabin faɗin ranar ga mazauna can ƙuryar arewacin duniya. Irin wannan shi ake kira kusufin ɓangare: wata ya ci wani sashe na rana, amma babu inda ya rufe ta ruf a duk faɗin doron ƙasa. Ba za a gan shi a Kano ko Maraɗi ko Kumasi ba.

Duk da haka, akwai dalilin da zai sa mazauna wannan yanki su san da zuwansa. Shi ne na farko cikin kusufi uku da za su biyo juna a cikin kwana 30, kuma na tsakiyarsu, cikakken husufin wata, zai bayyana a sararin Afirka ta Yamma. Ga shi kuma ranar ta dace da Ranar Dimokuraɗiyya a Najeriya. Idan abubuwa irin waɗannan suka haɗu, ba a rasa masu fassara su a shafukan sada zumunta da cewa ishara ce ga faɗuwar wani shugaba ko tasowar wani. Alhali kuwa ranakun nan uku suna cikin jadawalin da aka buga a ƙasar Ostiriya tun 1887, shekara 27 kafin Turawan mulkin mallaka su haɗe arewaci da kudancin Najeriya.

Kusufi uku a jere

Na farko, wato na 12 ga Yuni, zai kai ƙololuwarsa da ƙarfe 4:05 agogon GMT a yankin tsibirin Baffin da ke arewa maso gabashin Kanada. A can tsakar dare ne a lokacin, sai dai a wannan wata rana ba ta ɓacewa a yankin, takan sauko ne dab da ƙasa ta sake hawa. Wata zai rufe kashi 46 cikin 100 na faɗin rana, wanda ya yi daidai da kusan sulusin fuskarta. Za a ga abin da bai kai haka ba a Alaska da Girinlan da arewacin Rasha da kuma arewacin Turai.

Na biyu husufin wata ne, a daren Litinin wayewar Talata 26 ga Yuni. Wata zai shige inuwar duniya gaba ɗaya har tsawon kusan minti 102, abin da ya sa shi cikin mafiya tsawo a wannan ƙarni.

Na uku kusufin ɓangare ne kuma, ranar Laraba 11 ga Yuli. Shi a ƙuryar kudu zai faɗo, inda mutanen kudancin Cile da Ajantina za su gan shi, kuma ko a ƙololuwarsa bai wuce kashi 23 cikin 100 na faɗin rana ba.

A lissafin Hijira, na farko zai zo a ƙarshen Muharram 1451, na biyu a tsakiyar Safar, na uku a ƙarshensa. Wannan tsari ba ya sauyawa. Rana ba ta yin kusufi sai a ƙarshen wata, sa'ad da wata ya ɓuya kafin fitowar jinjirinsa, domin a lokacin ne kaɗai yake tsakaninta da duniya. Wata kuma ba ya yin husufi sai ya cika, a dararen 13 zuwa 15, domin a lokacin ne duniya ke tsakaninsa da rana.

Me ya sa ba kowane wata ake yi ba?

Daga ɓuyar wata zuwa wata ɓuyar kwana 29.53 ne. Da a ce hanyar da wata ke bi wajen kewaya duniya a shimfiɗe take daidai da hanyar da ake ganin rana na bi a sama cikin shekara, da kowane ƙarshen wata an yi kusufi. Amma hanyar wata a karkace take da kimanin digiri biyar. Ƙaramin abu ne a baki, sai dai faɗin wata kansa a idon mai kallo rabin digiri ne kacal. Ke nan wata na iya wucewa ta sama ko ta ƙasan rana da tazarar da ta ninka faɗinsa sau goma, inuwarsa ta tafi sararin samaniya ba ta taɓa duniya ba.

Hanyoyin biyu tamkar zobba biyu ne da aka saka ɗaya cikin ɗaya, aka ɗan karkata guda. A wuri biyu kaɗai suke haɗuwa, ɗaya daura da ɗaya. Waɗannan su ne mararrabar wata. A ɗaya wata na haurawa daga kudu zuwa arewa, a ɗayar yana gangarawa daga arewa zuwa kudu. Ba a samun kusufi sai ɓuyar wata ko cikarsa ta zo a lokacin da rana ke kusa da ɗaya daga cikinsu. Kusufin ranar Yuni da na Yuli duka a mararrabar gangarawa za su faru, husufin watan kuma a ta haurawa.

Mece ce kakar kusufi?

Rana na matsawa da kimanin digiri ɗaya kowace rana a kan hanyarta ta shekara. Muddin tana cikin kusan digiri 17 kafin mararraba ko bayanta, inuwar wata na iya samun duniya. Kwanakin da take ɗauka ta ratsa wannan tazara, kimanin 34 zuwa 35, su ne kakar kusufi.

Daga nan abubuwa biyu suka fito. Na ɗaya, tun da kakar ta fi wata guda tsawo, babu makawa sai ɓuyar wata ta faɗo cikinta aƙalla sau ɗaya, don haka babu kakar da ke wucewa ba a yi kusufin rana a wani wuri a duniya ba. Na biyu, idan wata ya ɓuya a farkon kakar, zai sake ɓuya kafin ta rufe, sai a samu kusufin rana biyu, da husufin wata a tsakaninsu. Abin da zai faru a tsakiyar 2029 ke nan.

Mararrabar ba a tsaye suke wuri ɗaya ba. Jan da rana ke yi wa wata na sa su ja da baya sannu a hankali, har su kammala zagaye a shekara 18.6. Saboda haka rana kan koma mararraba ɗaya bayan kwana 346.62, ba 365 ba, kuma kaka na biyo kaka duk bayan kwana 173.3. Shi ya sa kakar ke matsowa da kusan kwana 19 kowace shekara a kalandar Miladiyya. An tsara kusufin rana na 2027 a 6 ga Fabrairu da 2 ga Agusta, na 2028 a 26 ga Janairu da 22 ga Yuli. A 2029 matsowar za ta sa shekarar ta taɓa kaka uku, a samu kusufin rana huɗu: 14 ga Janairu, 12 ga Yuni, 11 ga Yuli da 5 ga Disamba, dukansu na ɓangare. A kalandar Hijira, mai kwana 354, matsowar ba ta wuce kwana takwas ba a shekara, don haka kusufi kan daɗe yana maimaituwa a watanni iri ɗaya kafin ya koma na gabansu.

Mafi ƙarancin kusufin rana a shekara biyu ne, mafi yawa biyar. An yi biyar a 1935, kuma ba za a sake ba sai 2206.

Dalilin da ya sa na Yuni bai cika ba

Inuwar wata kashi biyu ce. Akwai baƙar inuwa ta tsakiya, siririya, wadda duk wanda ta faɗo masa rana ta ɓace masa gaba ɗaya. Akwai kuma dishi-dishin inuwa mai faɗin dubban kilomita da ke kewaye da ita, wadda mutanen cikinta ke ganin rana a gutsure. Idan wata ya yi nisa da duniya, ƙarshen baƙar inuwar ba ya isowa ƙasa, sai a ga gefen rana ya kewaye wata, wannan shi ne kusufin zobe.

A 12 ga Yuni rana na da sauran kusan mako biyu ta iso mararraba, wato tana bakin kakar. Wata zai ɓuya alhali yana arewa da hanyar rana, sai tsakiyar inuwarsa ta wuce ta saman duniya. Masana falaki na auna wannan da wani adadi da suke kira gamma, wanda ke nuna nisan tsakiyar inuwa daga cibiyar duniya, ana ƙidayawa da rabin faɗin duniya, wato kilomita 6,378. Idan adadin bai kai ɗaya ba, tsakiyar inuwa ta sauka a ƙasa. Na 12 ga Yuni 1.29 ne, ma'ana za ta kuskure doron ƙasa da kimanin kilomita 1,900, dishi-dishin ne kawai zai shafi ƙuryar arewa. A 11 ga Yuli rana ta riga ta wuce mararraba da mako biyu, wata ya koma kudu da hanyarta, sai kuskuren ya koma ƙuryar kudu, kuma ya fi na farko yawa.

Husufin watan kuwa zai faɗo a tsakiyar kakar, sa'ad da rana da duniya da wata suka kusan daidaita cif a layi ɗaya. Dalilin da ya raunana kusufin rana biyun shi ne ya zurfafa husufin watan.

Kusufin ɓangare ba baƙon abu ba ne. Cikin kusufin rana 224 da aka lissafa daga 2001 zuwa 2100, guda 77 na ɓangare ne, 72 na zobe, 68 cikakku, bakwai kuma gaurayen zobe da cikakke.

Saros: lissafin da kowa zai iya gwadawa

Hanya mafi daɗewa ta sanin zuwan kusufi ita ce zagayen da ake kira Saros. Tushensa dacewar lissafi uku ne. Ɓuyar wata sau 223 na ɗaukar kwana 6,585.32. Komawar wata mararraba ɗaya, wadda ke ɗaukar kwana 27.21, idan aka yi ta sau 242 ta ba da kwana 6,585.36. Komawarsa wurin da ya fi kusa da duniya, mai ɗaukar kwana 27.55, sau 239 ta ba da kwana 6,585.54. Ke nan bayan shekara 18 da kwana 10 ko 11 da kusan awa takwas, wata na dawowa kusan inda yake, a kusan nisan da yake, sai kusufin da aka yi ya maimaitu da kamanninsa.

Shekarar 2011 ta isa shaida. An yi kusufin ɓangare huɗu a cikinta: 4 ga Janairu, 1 ga Yuni, 1 ga Yuli da 25 ga Nuwamba, da cikakken husufin wata a daren 15 ga Yuni, wanda aka gani a Afirka bayan magariba. Duk wanda ya ƙara shekara 18 da kwana goma da 'yan awoyi a kan kowace daga cikin waɗannan ranaku, zai samu jadawalin 2029. Awoyin da suka yi rara su ne ke sauya wurin da za a gani, domin a cikinsu duniya ta ƙara juya kusan sulusin zagaye. Shi ya sa ƙololuwar na 2011 ta faɗo a arewacin Rasha, ta 2029 kuma za ta koma yamma, zuwa Kanada.

Kusufin da ke maimaita juna haka zuriya ɗaya ce, kuma kowace zuriya da lambarta. Na 12 ga Yunin 2029 shi ne na 69 cikin 72 a zuriyar Saros ta 118. Ta fara ne da ɗan ƙaramin kusufin ɓangare a ƙuryar kudu a shekarar 803 Miladiyya, ta yi ɗaruruwan shekaru tana ba da cikakken kusufi, sannan na zobe har zuwa 1957. Da yake adadin ukun ba su dace cif ba, inuwar na ƙara matsawa arewa a kowane zagaye. A 2011 ta rufe kashi 60 cikin 100 na faɗin rana, a 2029 kashi 46, a 23 ga Yunin 2047 kashi 31. Za ta ƙare a 15 ga Yulin 2083.

Na 11 ga Yuli kuwa ɗan sabuwar zuriya ne, ta 156, wadda aka haifa a 1 ga Yulin 2011 a tekun da ke kusa da Antatika. Shi ne na biyu a cikinta, kuma tana da sama da shekara dubu a gaba. Kakar ta haɗa zuriya mai ƙarewa da mai farawa.

Daga Babila zuwa kwamfuta

Masu lura da sama a Babila, cikin Iraƙin yau, sun gano zagayen wata 223 ɗaruruwan shekaru kafin Miladiyya, ta hanyar tara bayanan abin da suka gani a allunan yumɓu. Girkawa sun ɗauka daga gare su: na'urar Antikythera da aka tsamo daga teku a 1901 tana da fuska mai gidaje 223. Malaman falaki Musulmi sun ƙara da awo mai inganci. Ibn Yunus, wanda ya rasu a 1009, ya rubuta kusufin rana na 977 da 978 da ya auna a Alƙahira, kuma masanan Turai sun yi amfani da bayanansa bayan ɗaruruwan shekaru wajen nazarin tafiyar wata.

Saros na faɗin rana, amma ba ya faɗin gari da minti. Wannan ya samu ne bayan Isaac Newton ya bayyana dokar jan da ke tsakanin jikkunan sama. Edmond Halley ya zana taswirar inda inuwar kusufin 1715 za ta bi a Ingila tun kafin ranar, kuma kuskurensa a lokaci bai wuce minti huɗu ba. A 1824 Bajamushe Friedrich Bessel ya fito da hanyar da ake bi har yau: a ƙaddara wani fili da ya ratsa cibiyar duniya yana fuskantar rana, a lissafa inda inuwa ke faɗawa a kansa da faɗinta a kowane lokaci, sannan a mayar da sakamakon kan garuruwa. Da irin wannan hanya Theodor von Oppolzer da mataimakansa suka lissafa da hannu kusufin rana 8,000 da husufin wata 5,200, har zuwa shekarar 2161, a jadawalin 1887.

A 2006 hukumar NASA ta Amurka ta buga jadawalin Fred Espenak da Jean Meeus, mai ɗauke da kusufin rana 11,898 na tsawon shekara 5,000. A yau ana auna nisan wata ta hanyar harba hasken leza ga madubban da 'yan sama jannati suka fara ajiyewa a kansa a 1969, awon da ya nuna yana nisantar duniya da santimita 3.8 a shekara.

Lissafin na da iyaka. Juyawar duniya ba ta tafiya daidai, tana raguwa kaɗan-kaɗan ba bisa tsari ɗaya ba. Ga kusufin da ke da sauran 'yan shekaru, bambancin na daƙiƙoƙi ne. Ga na bayan shekara dubu, ranar tabbatacciya ce, amma wurin da inuwa za ta sauka na iya gocewa. Sai kuma hadari da hazo, waɗanda babu jadawalin da ke faɗinsu.

Abin da za a gani a wannan yanki

A daren husufin 26 ga Yunin 2029, inuwar duniya za ta fara cin wata da misalin ƙarfe 2:32 na dare agogon Najeriya da Nijar, ta rufe shi gaba ɗaya daga 3:31 zuwa 5:13, da ƙololuwa a 4:22. A Ghana sai a rage awa ɗaya. Wata zai rine ya koma ja mai duhu, saboda hasken rana da iskar duniya ke karkatowa zuwa gare shi. Lokacin damina ne, don haka ganin ya danganta da sararin kowane gari. Kallon husufin wata da ido ba shi da wata illa.

Kafin nan akwai kusufin rana biyu a 2027. A 6 ga Fabrairu, kusufin zobe zai taso daga Kudancin Amurka ya ƙare a gaɓar tekun Kodebuwa, Ghana, Togo, Jamhuriyar Benin da kudu maso yammacin Najeriya dab da faɗuwar rana, sauran yankin kuma su ga ɓangare. Zai zo ne a ƙarshen Sha'aban, gab da fara duban watan Ramadan. A 2 ga Agusta kuma cikakken kusufi zai ratsa kudancin Sifaniya, Maroko, Aljeriya, Tunisiya, Libiya, Masar da Saudiyya, ciki har da Jidda da Makka, ya kai minti shida da daƙiƙa 23 kusa da Luksor. Nijar da Chadi da arewacin Najeriya za su gan shi a gutsure da hantsi.

Kusufin ɓangare shi ne mafi haɗari ga ido, domin ragowar rana na iya ƙona ganin mutum ba tare da ya ji zafi ba. Baƙin tabarau, gilashin da aka turara da hayaƙi da kallo a cikin kwanon ruwa duk ba kariya ba ne. Sai tabarau na musamman mai cika ƙa'idar ISO 12312-2, ko a huda takarda mai kauri a juya wa rana baya a kalli hoton da ya faɗo ƙasa. Ko a ƙarƙashin darbejiya, hasken da ke ratsa ganye kan zana siffar ranar a gutsure.

Tsakanin lissafi da fassara

A ƙasar Hausa an san husufi da sunan zazzaɓin wata, kuma a garuruwa da dama yara kan fito suna buga gwangwanaye har ya saki. Amma rashin sanin dalilinsa ya taɓa jawo ɓarna. A daren 9 ga Janairun 2001, bayan husufin wata, gungun matasa a Maiduguri sun far wa otal-otal da mashaya, suka ƙona da dama, bisa zargin cewa abin da ake aikatawa a wuraren ne ya jawo shi. Wannan husufin ma yana cikin jadawali tun fiye da shekara ɗari kafin daren, kuma an gan shi a Turai da Asiya da sauran Afirka a lokaci guda.

Danganta kusufi da makomar mutane abu ne da Musulunci ya kore tun farko. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa an yi kusufin rana ranar da Ibrahim ɗan Manzon Allah (SAW) ya rasu, mutane suka ɗauka rasuwar ce sanadi, sai ya gyara musu, ya bayyana cewa rana da wata ayoyin Allah ne da ba sa kisfewa don mutuwar wani ko rayuwarsa, ya kuma umarce su da salla da addu'a. Masu lissafin falaki da dama na danganta wannan da kusufin 27 ga Janairun 632, wanda aka gani a gutsure a Madina. Sanin lokaci tun da wuri na ba limamai damar shirya sallar kisfewa, ya ba makarantu da hukumomin lafiya damar gargaɗi kan ido.

Bambancin hasashen masanin falaki da na ɗan duba shi ne, na farko ya faɗi rana da minti da gari, ya ajiye lissafinsa a fili inda kowa zai iya bi, kuma idan ya kuskure kowa zai gani. Wanda ya ga husufin 15 ga Yunin 2011 na iya gwada shi da agogo a asubahin 26 ga Yunin 2029. Idan ya ƙara wata shekara 18 da kwana 11, zai samu na gaba a 7 ga Yulin 2047.